Ƙyanƙyasar Ƙwai A Gida: Bayani Ga Hakimai Da Malamansu

Wannan takarda an shirya ta ne domin Hakiman Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, da malamansu masu riƙe da littattafan ofis, don su karanta, sa'an nan su bayyana wa Dagatai da masu unguwanni abin da ke ciki, su kuma su isar da shi ga jama'a.

Ranku ya daɗe, mai yiwuwa wani ya ce maganar kaza ta yi ƙanƙanta a kawo ta zauren Hakimi. Amma duk wanda ya zauna ƙauye ya san ba haka ba ne. Tun daga Kafin Maiyaki har Riruwai da wuya ka kwana a gida ba ka ji carar zakara ba, kajin nan kuwa galibinsu na mata ne da yara. Kaza a ke kamawa a kai kasuwa ran da yaro ya tashi da zazzaɓi, ita a ke yanka wa baƙo, da kuɗinta a ke sayen littafin makaranta da takalmin salla. Macen da ke da kaji 10 a tsakar gida ba ta cika zuwa neman rance ba.

Abin da ya sa muka ɗauko maganar shi ne asarar da a ke yi wajen kwanci. Sau da yawa a kan zuba wa kaza ƙwai 12, ta yi mako 3 cur a kansu, ta tashi da 'yan tsaki 5 ko 6, sauran duk baragurbi. Sai uwargida ta ce kazar ba ta iya kwanci ba, ko a ɗora wa tsawa laifi, ko bakin mutane. Alhali kuwa yawancin ƙwan nan ya riga ya lalace tun kazar ba ta hau kansa ba, a hannun masu shi. Wannan ita ce maganar da mu ke so ta isa kowane gida.

Abin da ƙwai ke bukata

Ƙwan da a ka yi wa uwarsa barbara abu ne mai rai, ko da ya ke ba ya motsi. Ɓawonsa yana da ƙananan ƙofofi dubbai waɗanda ido ba ya gani, ta nan ɗan tsako ke shaƙar iska, ta nan kuma ruwan ƙwai ke fita kaɗan kaɗan har a sami gurbin iska a ɓangaren nan mai faɗi. Yana bukatar ɗumi wanda ba ya hawa ba ya sauka, da laima daidai gwargwado, da iska, da juyi don kada ɗan tsakon ya manne wa ɓawo. Kaza tana ba shi waɗannan duka ba tare da wani ya koya mata ba. Ƙwan kaza kwana 21 ya ke yi, na zabuwa kwana 26 zuwa 28, na talotalo 28, na agwagwar nan tamu ta gida kuwa har 35. Ya kamata malamai su haddace waɗannan, domin an sha zubar da ƙwan zabi a kwana na 22 da zaton ya lalace, ga kuwa 'ya'ya a ciki da ransu.

Zaɓen ƙwai da ajiyarsa

Da farko dai, ƙwan gidan gona da a ke sayarwa a kiret ba na ƙyanƙyasa ba ne. Kajin da suka saka shi ba su taɓa ganin zakara ba, ko kaza ta shekara a kansa ba abin da zai fito. A gida kuma, zakara guda lafiyayye ya ishi kaji 8 zuwa 10. In sun fi haka yawa, ko zakaran ya tsufa, sai a riƙa samun ƙwai marar rai. Yana da kyau maƙwabta su riƙa musayar zakaru bayan shekara ɗaya ko biyu, don kada uba ya yi ta bin 'ya'yansa har iri ya raunana.

A zaɓi ƙwai matsakaici, mai kyan siffa, mai santsin ɓawo. A bar wanda ya cika girma, da ƙanƙane, da mai tsaga ko da kamar gashi ce, da wanda kashi ya ɓata ƙwarai. Waɗannan na tukunya ne. Kada a wanke ƙwan kwanci. Akwai wani ɗan shafi da kaza ke sako ƙwai da shi wanda ke toshe ƙofofin nan daga ƙwayoyin cuta, ruwa kuwa yana wanke shi, har ya tura dauɗar ciki. In akwai ɗan datti sai a kankare shi a hankali da busasshen ƙyalle. Haka nan gwajin nan da masu sayen ƙwan zabi ke yi, na jefa shi cikin ƙwaryar ruwa a ga wanda ya nutse, gwaji ne na mai son ci. Wanda ya ke son 'ya'ya kada ya yarda a tsoma masa.

To, ga inda asarar ta fi yawa. Kazar gida ta kan ɗauki kamar mako 2, wani lokaci fiye, kafin ta gama saka ƙwan da za ta kwanta a kai. Ke nan ƙwan farko ya daɗe yana jira. A ƙasashe masu sanyi wannan jira ba ya yin ɓarna sosai, amma mu nan, daga Maris zuwa Mayu, zafin ɗaki mai rufin kwano ya kan kai wanda zai ta da ɗan tsako ya soma girma da rana, da dare kuma ya tsaya. Ɗan halittar da a ka yi ta tayarwa ana tsayarwa haka har kwana 10 ba ya kai labari. Ƙwan kwanci ya fi son sanyin digiri 13 zuwa 18 a ma'aunin Salshiyas, kuma kada ya wuce kwana 7 a ajiye. In ya kai kwana 10 ya soma rauni, da bazara kuwa ko kwana 7 ɗin ma ya yi yawa.

Dabarar ba mai tsada ba ce. A riƙa kwashe ƙwai kullum, a bar wa kaza guda ɗaya mai alama don kada ta sake wurin saka. Kowane ƙwai a rubuta masa kwanan wata da fensir, yaron makaranta ma ya iya. A jera su cikin ƙwarya ko kasko a kan ƙaiƙayi, tsinin yana kallon ƙasa, a ajiye a wuri mafi sanyi a gidan, watau gindin randa inda a ke jiƙa yashi, amma kada ruwa ya taɓa su. Wanda ke da tukunyar nan biyu, ƙarama cikin babba da jiƙaƙƙen yashi tsakani, irin wadda Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa har a ka ba shi kyautar Rolex a 2000, ya sami wurin ajiya mai kyau da rani. Ran da kaza ta kama kwanci sai a ba ta sababbin, na 'yan kwanakin nan, a haɗa da na sauran kaji in ya kama. Tsofaffin a ci, ko a sayar. Mun san akwai matan da za su ce kaza ba ta karɓar ƙwan wata. Tana karɓa sarai. Kazar da ke ƙyanƙyashe ƙwan zabuwa ba za ta ƙi na 'yar'uwarta ba.

Kaza mai kwanci

Ba kowace kaza ce uwa ba. Kajin gidan gona, har da Shika Brown wadda cibiyar binciken dabbobi ta Shika, kusa da Zariya, ta fitar a 2000, an zaɓo su ne don yawan ƙwai, ba su cika kwanci ba. Wanda ke da irinsu tare da zakara sai ya ba kazar Hausa ƙwansu. Alamar mai kwancin gaske ita ce ta kwana a kan sheƙa, ta kumbura gashi in an matso, ta yi ta ƙunƙuni. A gwada ta da ƙwai 2 ko 3 har kwana 2 tukuna. In za a sake mata wuri a ɗauke ta da dare.

A ba ta abin da jikinta zai rufe duka. Ƙaramar kaza 8 zuwa 10 sun ishe ta, babba 12. Da hunturu a rage biyu. Haɗama a nan asara ce, domin kaza tana juya ƙwai tana sake musu wuri, in guda biyu suna leƙowa waje to kowanne sai ya ɗanɗana sanyin bi da bi. Sheƙar a yi ta a ƙasa, a ɗan rami marar zurfi, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa, a wuri mai duhu inda sauran kaji ba za su shiga su ƙara mata sabon ƙwai ba. Rubutun fensirin nan shi zai nuna baƙon ƙwai a cire shi. Kafin ta hau, a share wurin, a barbaɗa toka, a duba ƙarƙashin fikafikanta. Ƙwarƙwata da ƙuma su ne kan sa kaza ta gudu ta bar ƙwai a mako na biyu, in an gan su a nemi hodar magani wajen malamin dabbobi. A ajiye mata ruwa da hatsi ɗan nesa kaɗan, don ta tashi sau ɗaya a yini ta ci, ta yi birgima a toka, ta koma. Tashin minti 20 ko 30 ba ya cutar ƙwai. Da tsakiyar hunturu, sa'ad da iska ke busar da kome, yana da amfani a ɗan yayyafa ruwa a ƙasar da ke gefen sheƙar a makon ƙarshe.

Haska ƙwai

A kwana na 7, da dare, a ɗauki tocila, ko ta wayar hannu ce, a dunƙule hannu a bakinta, a ɗora faffaɗan ɓangaren ƙwai a kai. Mai rai za a ga ɗan baƙin ɗigo da jijiyoyin jini sun bazu kamar saƙar gizo. Marar rai zai fito garau kamar sabo. Wanda ya soma ya mutu za a ga jan zobe ya kewaye shi. A cire waɗannan biyun, domin baragurbi in ya fashe cikin sheƙa ya kan ɓata sauran. A sake dubawa a kwana na 14.

Wannan haskawa tana da wata riba kuma. A ce mace ta kwantar da kaji biyu rana ɗaya, kowace da ƙwai 10, a ka haska a ka sami 12 masu rai. Sai ta haɗa su ƙarƙashin babbar, ɗayar kuma a ba ta sababbi, ko a raba ta da sheƙa ta koma saka. Haka kuma in sun ƙyanƙyashe rana ɗaya, ana iya tura wa guda 'ya'yan duka da dare, ta riƙe su. Kazar da ke yawo da 'ya'ya ta kan yi wata 2 ko fiye ba ta saka ba, saboda haka kowace uwa da a ka 'yantar ƙwai ne a ka ƙara.

Ƙwan zabi

Ƙasashen kudun nan, inda ruwa ke sauka da wuri kuma ciyawa ke da yawa, wurin zabi ne. Zabuwa da damina ta ke saka, a ɓoye cikin ciyawa, ba ta kuwa da haƙurin reno. Kakanninmu sun gane haka tuntuni, shi ya sa su ke ba kaza ƙwanta. Abin da za mu ƙara kaɗan ne. Zabo ba kamar zakara ba ne, ya fi son ya riƙe mace ɗaya ko 'yan kaɗan, don haka garken da a ka sayar da mazansa da salla a ka bar guda ɗaya zai ba da ƙwai da yawa marasa rai. Kada matan su wuce 4 ko 5 ga namiji guda. Ana rarrabe su da kuka: macen ce ke yin kuka mai gaɓa biyu, namijin gaɓa ɗaya ya ke maimaitawa. In za a haɗa ƙwan zabi da na kaza a sheƙa ɗaya, a fara sa na zabin da mako guda, don su fito tare. In ba haka ba kaza za ta tashi da 'ya'yanta a kwana na 21 ta bar sauran su huce. Ɓawonsa yana da kauri, sai an sami tocila mai ƙarfi, kuma a jinkirta haskawa zuwa kwana na 10. 'Yan zabi kuwa ba abin da ke kashe su kamar raɓa da ruwan sama. A tsare su a akurki har rana ta busar da ciyawa, a yi haka mako 4 zuwa 6.

Injin ƙyanƙyasa

Yanzu samari da yawa suna sha'awar sayen inji, har waɗansu kan zo wurin Hakimi neman shawara ko takardar shaida don karɓar rance. Ƙyanƙyasa ba da kaza ba tsohuwar sana'a ce. Mutanen Masar sun fi shekara 2,000 suna yin ta a ɗakunan tubali da a ke ɗumamawa da wuta, gwanayensu kuwa a fatar ido su ke ɗora ƙwai su gane zafinsa. A 1749 wani masani Bafaranshe, Reyomur, ya wallafa littafi a kan yadda za a yi haka da ma'aunin zafi. Inji yana da amfani ƙwarai ga mai ƙwai da yawa, musamman na zabi da damina, sa'ad da kaji masu kwanci ba su isa ba. Amma a gaya wa mai saye gaskiya: duk abin da kaza ke yi da kanta, yanzu ya koma wuyansa dare da rana har mako 3.

Injin da ke da fanka a ciki ana tsayar da shi a digiri 37 da rabi, watau 99 da rabi a ma'aunin Faranhait. Wanda ba shi da fanka, kamar mai aiki da fitilar kananzir, ana auna shi daidai saman ƙwai, a nemi digiri 38 da rabi zuwa 39. A kunna shi ya yini ya kwana babu ƙwai, a ga ya tsaya, kafin a zuba. Laima ta zama kashi 50 zuwa 55 cikin 100, a kwana 3 na ƙarshe a ɗaga ta zuwa 65 ko 70. Wanda ba shi da ma'aunin laima ya duba gurbin iska in yana haskawa: a kwana na 18 ya kamata ya kusa kashi ɗaya cikin uku na ƙwan. In ya yi saurin faɗi a ƙara farantin ruwa, haka a kan yi da hunturu. In ya ƙi faɗi a rage, haka ya kan faru a watan Agusta, balle a garuruwan da ke bakin madatsar ruwa ta Tiga. Juyi kuwa, in injin ba ya yi da kansa, sau 3 ko 5 a yini. A sa alama a gefe biyu na ƙwan don kada a rikice. A daina juyi a kwana na 18 ga na kaza, na 24 ko 25 ga na zabi.

Mutane sun fi tsoron ɗaukewar wuta, amma zafi ya fi sanyi kisa. Ƙwai yana jure hucewar 'yan sa'o'i, sai dai ƙyanƙyasar ta ɗan yi jinkiri. A rufe injin da bargo, a bar ƙofar iska, a sa kwalaben ruwan ɗumi a ciki. In kuwa zafi ya haura digiri 40 ya daɗe a haka, an gama. A watan Afrilu ɗakin kwano shi kaɗai ya kan kai wannan da azahar, injin kuwa ɗumamawa ya iya, bai iya sanyayawa ba. A ajiye shi a ɗakin soro ko na ciyawa, nesa da taga. Shawararmu ita ce, wanda bai tanadi batir da sola ko wata hanya ta biyu ba, kuma ba shi da garken da zai ba shi sabon ƙwai mai rai, kada a ƙarfafa masa gwiwar cin bashi. Ƙwan da a ka tsinto kasuwa kasuwa, ya sha rana da girgizar babur, ba injin da zai rayar da shi. Ya fara da ƙwai 30 na gidansa, ya ga abin da ya samu.

Ranar fitowa

Daga sa'ad da ɗan tsako ya huda ɓawo zuwa fitowarsa ya kan ɗauki rabin yini, wani har yini da kwana. Kada a ɓare masa. A wannan lokaci ne ya ke janye sauran gwaiduwa cikin cikinsa, jijiyoyin jini kuma suna ƙafewa. Mai gaggawar taimako jini zai sa ya zuba. Kada kuma a yi ta buɗe inji ana leƙe, laima za ta gudu fatar ciki ta bushe ta ɗaure waɗanda ba su fito ba. Gwaiduwar nan tana riƙe shi kwana 2, saboda haka a bar shi ya bushe tukuna. Sa'an nan a ba shi ruwa a faranti marar zurfi da 'yan tsakuwa a ciki, da tsakin masara ko na gero, da gara in an samu. Na inji ba su da uwa, suna bukatar ɗumin digiri 32 zuwa 35 a makon farko, a riƙa ragewa kamar digiri 3 kowane mako. In sun cunkushe jikin fitila sanyi su ke ji, in sun watse bango suna haki zafi ya yi yawa. Na kaza kuma a kife su da uwarsu cikin babban akurki na 'yan makonni. An ce zakaran da Allah ya nufa da cara ko ana muzuru ana shaho sai ya yi, gaskiya ne, amma ba a ce a miƙa wa shirwa sauran ba.

Riga-kafi da aikin malamin Hakimi

Duk wahalar nan banza ce in annobar hunturu ta shigo ta share akurki. Cutar nan da ke sa kaji zawo da murɗewar wuya, wadda likitoci ke kira Niyukasil, an fara tabbatar da ita a Nijeriya wajen Ibadan a 1952, ba ta kuwa da magani sai riga-kafi. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, wadda ke can tun 1924, tana yin irin da a ke ɗigawa a ido, har da wanda ke jure zafi don kajin ƙauye, ana maimaita shi bayan wata 3 ko 4. Uwar da a ka yi wa tana ba 'ya'yanta kariya ta cikin gwaiduwa, wadda ke riƙe su mako 2 ko 3 kafin a yi musu nasu. Ya kyautu Hakimi ya shirya da sashen dabbobi na Ƙaramar Hukuma a yi wa unguwa guda rana ɗaya a watan Oktoba ko Nuwamba, domin kwalba ɗaya ta kaji da yawa ce, in an haɗa ta kuma ba ta kwana. Kazar da a ka sayo daga kasuwa a ware ta mako 2 kafin ta shiga cikin sauran. In kuwa kaji suka soma faɗuwa da yawa farat ɗaya, Dagaci ya sanar da Hakimi a ranar, a hana kai su kasuwa. Murar tsuntsaye da ta ɓulla a Jihar Kaduna a farkon 2006 ba ta daɗe ba ta iso Kano.

Ana roƙon kowane malamin Hakimi ya ware shafi a littafinsa, ya zaɓi gida 5 ko 6 a kowace dagaci waɗanda suka yarda, ya riƙa rubuta ranar da a ka kwantar, da irin ƙwan, da yawansa, da kwanakin da ya yi a ajiye, da nawa a ka cire wajen haskawa, da nawa suka fito, da nawa suka kai wata 2. In an sami ƙwai garau da yawa a kwana na 7, a duba zakara. In masu jan zobe ne suka yi yawa, a duba ajiya. In kuwa 'ya'ya sun cika suka mutu cikin ɓawo, a duba laima da yawan ƙwan da a ka zuba. A ƙarshen damina da ƙarshen hunturu a kwafe shafin, Hakimi ya sa hannu, a ba malamin gona na yankin.